Fuskar Yaya Arzika a Jikin Buhu

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba a fadarmu, majalisar hirarmu ta bayan tashar Filinge. Wannan ya ce, "Mushe Gado, wai da gaske akwai na'urar da ke nuna maka buhu tun ba a buga shi ba?" Wancan ya ce, "Ya hanya, ba a tare ku ba?" Akwai kuma tambayar da kowa ke riƙe da ita a baki ba ya furtawa, wato me ya sa aka aike ni in bugo hoton yayana a jikin buhunan iri, na dawo da buhu babu hoto. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda zai zage ni ya zage ni da hujja.

Ni da Yaya Arzika uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara. Ni aka kama aka kai lakkol, wato makarantar boko, na koyar har na yi ritaya na zauna cikin gari, shi ya sa ake ce mini Mushe, wato malam da Faransanci. Shi ya tsaya ƙauyenmu, can arewa wajen Sanam, kuma ba zan rubuta sunan ƙauyen ba. Sana'arsa zaɓen iri. Kafin a yanke hatsi sai ya bi gona kara bayan kara, zangarniyar da ta yi masa ya ɗaura mata jan tsumma, ita za a yanke daban a ajiye. Irinsa yana nuna da wuri, ko damina ta gajarta mutum ba ya tashi hannu banza. Daga Bonkuku har Sanam in ka ce irin Arzika an san shi.

To, sunan ne ya jawo mana. 'Yan kasuwa suka koma zuba kowane tarkacen hatsi a tiya, kwanon awo, suna rantsuwa na Arzika ne. Bara mutane suka shuka, aka sami kara babu ido, suka zo har ƙofar gida suna faɗa masa magana. Sai ƙungiyarmu ta masu iri, wadda nake wa sakatare don ni na iya alƙalami, ta yi taro ta yanke cewa a bugo buhunanmu na kanmu, da hoton Yaya, da sunan ƙauye, da lambar salularsa. Manomi ba ya karatu, amma ya san fuska. Irin buhun nan mai santsi da hoto kuwa aka ce sai Kano.

Duk wanda ke ƙasarmu ta Kurfai ya san abin da ban faɗa ba tukuna. Mutanen daji suna shigowa ƙauyuka a kan babura, su kwashi shanu su ce zakka ce, su tambayi wa ke riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, wa ke hulɗa da hukuma. Wanda aka nuna, ba kasafai ake sake ganinsa ba. Shi ya sa aka hana hawa babur a yankinmu shekaru ke nan, in ka ji ƙararsa a daji ka san ba baƙon alheri ba ne. Yaya kuwa shi ke riƙe da makullin magazar ƙungiya. Abin da ya tsare shi har yau, bayan Allah, shi ne ba ya fita ko'ina, kuma mutanen ƙauye ba su taɓa nuna shi ba.

Ranar da na je ɗaukar hoton ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya tsaya ƙofar magaza, makulli rataye a wuyansa, zangarniya a hannu. Da zan tafi sai matarsa Hauwa ta biyo ni bayan zana.

"Mushe," ta ce, "hoton ga tsoro yake ba ni."

Na ce, "Matar yaya, kishi dai kike, kada matan Bonkuku su gan shi su biyo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Buhu ba ya zama gida." Ta juya ta koma wajen dakanta, ni kuma na kama hanya ina ce wa kaina tsoron mata ne.

Ni da nake faɗin haka, ku ji abin da ya same ni tun ba mu yi nisa ba. Motar Yamai ta tashi da hantsi, mu goma sha takwas ciki. A cikin gari kowa na hira, muna fita daji direba ya kashe rediyo, baki ya mutu, sai tasbaha ke motsi. Kowane shinge a sauka, a nuna katin ɗan ƙasa, a taka da ƙafa, a koma. Mun wuce Bonkuku kaɗan sai na ji wani abu ya fashe ƙarƙashinmu. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Da hankalina ya dawo na tarar da kaina dunƙule a ƙasan mota, hulata ta yi nata wuri, na rungume ƙafar matar da ke kusa da ni ina salati.

"Kala suru, Mushe," ta ce, wato sai haƙuri da Zabarmanci. "Taya ce. Sakar mini ƙafa in sauka."

Haka na san Hajiya Hamsa, Bazabarmiya mai fataucin atamfa, wadda ke zuwa Kano kamar yadda nake zuwa masallaci. An ce tsoro na daji, kunya ta gida, ni ranar duka biyun suka haɗu mini a mota ɗaya. Muka tsaya bakin hanya ana canja taya, kowa ya juya wa mota baya yana kallon daji. Minti ashirin ɗin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Da ta ji Kano za ni kuma ban taɓa ƙetare iyaka ba, ta ce in bi ta, kada in je in rungume ƙafar wani ɗan sanda.

A tashar Yamai muka kwana, maza gefe mata gefe, kan tabarmin kamfanin mota. Kafin magariba muna cin kopto, kwaɗon ganye, da ta saya mana, ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na ciro salula da alfahari na nuna mata hoton, na ce wannan zai hau buhu dubu. Ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Yana da rai?" ta ce.

Na ce, "Lafiyarsa lau, ya fi ni ƙarfi ma."

"To me ya yi muku?"

Raina ya ɓaci. Na karɓe salulata na ce mata mu ba 'yan atamfa ba ne, mun yi taro, mun yi shawara, manya sun sa baki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce a garinsu masu shago duk sun kankare lambobinsu daga jikin ƙofa, amma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ne zancen ya ƙi bari.

Daga Yamai zuwa Maraɗi yini ne cur a babbar mota mai sanyi, sanyin da ya sa na yi ta atishawa har Dogon Dutsi. Abin da na lura da shi a hanyar, wanda da ban taɓa kula ba, shi ne buhu. A Doso na ga an yi rumfar mai nama da tsofaffin buhunan shinkafa masu rubutun wata ƙasa da ban ma san inda take ba. A Ƙonni na ga buhun takin zamani an farke shi an yi wa jaki shimfiɗa. A wajen Galmi mai albasa ya cika wani buhun sukari da ya fi ɗana na fari shekaru. Ashe buhu ba ya mutuwa, daga hannu sai hannu, mai shi na farko ba ya sanin inda ya ƙare. Na kawar da kai na ce ai namu iri ne, manoma kaɗai za su saya.

Washegari muka shiga ƙaramar mota daga Maraɗi, muka bi ta Ɗan Isa zuwa iyaka. A gefenmu aka duba takardu da Faransanci, a gefensu aka duba da Turanci, amma duk da Hausa aka tambaye ni ina za ni. Wani jami'i ya ce in kawo katin rigakafi. Na laluba aljihu huɗu, ashe yana cikin hula inda matata ta ɗinke mini shi don kada ya ɓace. Sai da aka ara mini reza aka farke. Hajiya Hamsa ta ce shekara ashirin tana bin hanyar nan ba ta taɓa ganin wanda aka yi wa hularsa tiyata a kan iyaka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ban so faɗa a fada ba. Muna taka ƙasarsu ke nan da kayanmu a hannu, sai ga babura sun fi ashirin sun taso mana gaba ɗaya, ƙara kamar ƙasa za ta tsage, wasu mahayan sun rufe fuska da rawani. Jama'a, shekara nawa rabona da in ga babur biyu sun nufo ni tare? Na yar da jaka na zura a guje, na faɗa rumfar wani mai shayi, na ture tebur, burodi ya watse a ƙasa. Na ɓuya bayan tukunyar ruwan zafi ina jiran harbi. Sai na ji ana cewa, "Alhaji, tasha? Alhaji, ina za ka?" Ashe 'yan acaɓa ne ke neman fasinja. Mai shayin yana tsince burodinsa ya dube ni ya ce, "Daga yamma kake ko?" Na ce i. Ya ce, "Allah ya kawo muku sauƙi," ya ƙi karɓar komai a hannuna. Wannan ya fi mini ciwo a kan a ce dariya ya yi mini.

Su ma da nasu tsoron. Tsakanin Jibiya da Katsina direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya, ya taka mota kamar ana bin mu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce nasu mutanen dajin mutum suke ɗauka su kira danginsa a waya. Ya tambaye ni namu fa. Na ce namu ba su cika kira ba. Haka muka tafi har muka ga gidajen Katsina.

A Kano Hajiya Hamsa ta kai ni wani gida a Fagge inda fataken Nijar ke sauka, ta damƙa ni ga mai masauki ta wuce wajen 'yan'uwanta mata. Ɗaki ne mu shida, da fanka da ba ta juyawa sai an tayar da inji, injin kuwa in ya tashi ba ka jin na kusa da kai. Salulata ta kusa mutuwa, na ciro caja zan soka, sai na ga bangonsu ƙofa uku gare shi masu kusurwa, tawa kuwa ƙafa biyu ce zagayayyu. Hoton Yaya na ciki, ba ni da shi ko'ina. Na fita da rigar barci ina neman taimako, har wani Bamaraɗe ya sa murfin biro ya danna ƙofar sama, ya cusa tawa ta ƙarfi. Na tsaya nesa ina jiran wuta ta kama gidan.

Abinci kuwa sai a hankali. Na nemi fura aka kawo mini a ƙaramin kofin roba, ruwa-ruwa, da sukari da ƙanƙara. A garinmu fura ita ce abincin rana, mutum ya sha ƙwarya ya koma gona. A can abin lasa ce bayan an ƙoshi. Gurasarsu dai na yarda da ita, da ƙuli da yaji, sai da na ci uku. Mai shayi kuwa, ina gama sha ya nuna mini wata lamba a jikin bango wai in tura masa kuɗin ta waya. Da na buɗe baki in yi bayani, mutanen bencin suka ce, "A'a, Basakkwace ne." Na ce ni Bakurfaye ne daga Filinge. Ba wanda ya taɓa jin sunan. Wallahi sai na ji wani sanyi a raina, ga gari guda da ba wanda ya san mu balle ya neme mu.

Kwana biyu da isowa aka kai ni wajen masu buga buhu, wani katafaren gini a unguwar masana'antu. Wanda ya karɓe ni sunansa Malam Nasiru, mutum mai fara'a, ɗan shekara arba'in da wani abu, shi ke tsara zane kafin a buga. Ya zaunar da ni gaban wani allo mai faɗin ƙofar ɗaki, ya ja hoton daga salulata zuwa ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ba tare da ya haɗa wata igiya ba. Na karanta masa abin da taro ya rubuta. Kafin ruwan shayi ya tafasa sai ga buhu tsaye a allon, fari fat, Yaya Arzika a jikinsa da rigarsa ta Salla, sunan ƙauye a sama, lamba a ƙasa.

"Da can, Baba," in ji Malam Nasiru, "sai an gama bugawa mutum zai ga abin da ya saya. In da kuskure ya rungumi ƙaddara. Yanzu ba abin da za mu taɓa sai ka gani da idonka ka ce ka yarda."

Ya sa yatsa ya juya buhun, na ga bayansa, na ga ɗinkin gindinsa. Ya taɓa wani wuri buhun ya cika ya kumbura, fuskar Yaya ta ɗan faɗaɗa kamar ya yi ƙiba. Na yi dariya har da tafa cinya. Ya sa launin kore, na ce a'a, ya mayar da fari. Ya ɗauko wata faffaɗar salula ya nuna ta kusurwar ɗakin, na leƙa ciki na ga buhun jingine da bango kusa da takalmana, na ɗaga ido na ga ba komai a wurin. Gani ya kori ji. A lokacin nan na manta da Hauwa, na manta da Hajiya Hamsa, ina ta tunanin yadda Yaya zai ji daɗi.

Sai ya fara nuna mini ingancin aikinsu. Ya ja wani layi a allon ya ce ga buhun bayan damina ɗaya a rana, ga shi bayan biyu, ga shi bayan uku. Farin ya dushe, gefe ya fara zare, amma fuskar na nan, lambar na nan, har makullin da ke wuyansa ana gani.

"Ka gani? Tawadarmu ba ta gogewa. Buhun zai yage fuskar dattijon nan ba ta tafi ba."

Ya tura buhun can nesa a cikin allon ya ce ga yadda mai tsayuwa a ɗaya gefen kasuwa zai hange shi. Ya ƙanƙance, amma ko yaro ya san Yaya ne. Dariyata ta fara komawa ciki. Ya nuna mini shi jere a shago, ya nuna mini shi an tsiba a bayan babbar mota. Sannan ya ce, "Ga wanda masu kaya suka fi so," ya taɓa allon.

Hanya ce ta ƙasa tsakanin gonaki. Babur yana tafe a kai, mahayin ya sa baƙar hular kwano da ta rufe masa fuska duka. An ɗaure buhun a bayansa da igiya. Babur ɗin ya wuce ni ya ba ni baya yana nisa, fuskar yayana tana kallona daga bayansa, tana girgiza in ya faɗa rami, tana ƙanƙancewa, har ya sha kwana.

A wajen Malam Nasiru wannan talla ce, kaya ne za a kai wa mai saye. Ni kuwa abin da na gani shi ne abin da kowane gida a ƙasarmu ke mafarkinsa ya farka da salati. Na riƙe bakin tebur. Na ji kaina ina cewa a tsayar, a tsayar, alhali babur ɗin ya riga ya ɓace ya sake fitowa daga farko.

Ya kashe allon ya kawo mini ruwa, yana tambaya ko hawan jini gare ni. Na faɗa masa komai, da makulli, da masu babura, da yadda ake nuna mutum. Fara'arsa ta tafi. Ya ce dangin mahaifiyarsa suna wajen Zamfara, ba sai na ƙara bayani ba. Ya ce shekara da shekaru yana nuna wa mutane babur ɗin nan bai taɓa kallonsa haka ba.

"Amma ka sani, Baba," ya ce, "da zarar ka sa hannu za a sassaƙa zanen a jikin ƙarfen bugu, daga nan ba gyara. Yau bayan la'asar za a ɗauki aikin wannan mako. Je ka yi shawara."

Na fita bakin ƙofa na kira Yaya. Sau huɗu kafin ta shiga.

"Yaya, barka da rana. Ya gida, ya su Hauwa?"

"Lahiya lau. An buga?"

Na kwashe abin da na gani na faɗa masa. Ya bari na gama.

"Gado," ya ce, "aiken ka anka yi ko shawara anka tambaye ka?"

Na ce, "Aike ne, Yaya."

"To mi ya kawo wanga zance? Wanda duk ke nema na ya san ƙohwar gidana, ba sai da buhu ba."

Na ce, "Na kusa ne suka sani, su kuwa sun rufa maka asiri. Buhu zai kai ka hannun wanda bai san ka ba, ya ba shi sunan gari da lamba, ya nuna masa makulli a wuyanka. Kuma shekara uku bai goge ba, na gani da idona."

"Ka gani cikin telbijin."

"Yaya, don Allah."

"In ka hidda huskata, wa zai yarda irina ne? So kake a sake shibka ƙaiƙayi da sunana, mutane su kwana da yunwa suna tsine mini? Rai na Allah ne. Ka buga abin da taro ya ce." Ya kashe.

Gaskiya ce ya faɗa, wannan ne abin da ya fi ƙona ni. Tun muna yara ban taɓa tsallake maganarsa ba, shi ya yi noma ya ciyar da gida lokacin da nake zaune a aji. Na yi azahar a masallacin masana'antar, na zauna har aka kira la'asar ban san me na roƙa ba. Duk sanda na rufe ido sai in ga babur ɗin nan yana shan kwana. Ni matsoraci ne, kun ji shaida tun daga Bonkuku, kuma tsoron ne ya yanke hukunci.

Na koma na ce wa Malam Nasiru a cire. Ya sa yatsa ɗaya ya share, Yaya ya ɓace daga jikin buhun, saura farin fili. Na ce a cire sunan ƙauye, a cire lamba. A wurin ya sa mini zangarniya babba da jan tsumma ɗaure a wuyanta, ƙasa aka rubuta Irin Kurfai. Ya tambaye ni ko in sake ganinsa a kan babur. Na ce a'a. Ya miƙo takarda na sa hannu, sa hannun da ko ni ban gane shi ba.

Kwana tara na yi ina jiran aiki, ban kira gida ba sai matata. Hajiya Hamsa ta haɗa ƙunshin buhunana da dilolin atamfarta muka juyo. Da na faɗa mata abin da na yi ba ta yabe ni ba, ta ce kawai, "Yanzu saura ka faɗa wa mai fuskar." Hanyar dawowa ba ta ba ni tsoro kamar ta zuwa ba, don abin da nake tsoro yana gabana.

Ranar da na kai kayan ƙauye mutane sun taru ƙofar magaza. Yaya ya yanke igiya da kansa ya zaro buhu ɗaya. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyowa. Ya zaro na biyu daga tsakiya. Ya ninke shi a hankali ya ajiye, ya ce, "Wanga na kowa ne." Ya dube ni ya ce, "Sannu da hanya," ya shige gida. Tun daga ranar ba ya amsa gaisuwata sai da ka, in na kira ba ya ɗauka. Hauwa ce ta kawo mini ruwa, ta durƙusa ta ce a hankali Allah ya yi mini albarka. Na koma Filinge da wannan, ina ce wa kaina ya yi fushi yana raye ya fi.

Da shuka ta matso aka cika buhuna aka kai kasuwa. Manoma suka zagaya su, suka shafa, suka ce zangarniya ai kowa na iya zanawa, ina shaidar na Arzika ne? Kasuwa biyu amalanke yana dawowa da kayansa, 'yan tiya kuwa suna ta sayar da tarkacensu da sunansa. A kasuwa ta uku Yaya ya sa rigarsa ta Salla, ya rataya makulli, ya ce tunda buhu ba shi da fuska, mai fuskar zai tafi. Mutumin da ya shekara biyar bai wuce gonarsa ba, yanzu duk inda kasuwa ke ci yana can zaune kan buhu tun hantsi, kowa na nuna shi da yatsa ana cewa ga Arzika mai iri. Iri yana ƙarewa kafin azahar. Sannan ya hau amalanken jaki ya ratso dajin nan ya dawo. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

Hauwa ba ta sake sa mini albarka ba, ba ta kuma zage ni ba. Kirana kawai take yi duk ranar da ya fita, ta faɗa mini inda ya nufa. Yau kasuwar Sanam ke ci. Ta kira da hantsi ta ce ya tafi tun da asuba. Yanzu an yi la'asar, ta sake kira ta ce bai iso gida ba. Na buga lambarsa sau uku, tana shiga ba a ɗauka. Ina roƙon Allah ya sa don ya ga sunana ne.